Manhajar YouVersion a Ma'aunin Mai Neman Faranta wa Allah Rai

Sa'ad da manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na Tasalonika wasiƙarsa ta fari, ya tuna musu cewa sun riga sun koyi irin zaman da ya kamata su yi domin su faranta wa Allah rai, ya shaida cewa suna yin hakan, sa'an nan ya roƙe su su ƙara himma (1 Tasalonikawa 4:1). Da wannan aya nake auna duk abin da aka ce zai taimaki rayuwata ta ruhaniya, ko littafi ne ko taro ko na'ura, kuma da ita na auna manhajar karatun Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, wadda na shafe fiye da shekara biyu ina buɗewa kusan kowace safiya. Abin da nake so in sani shi ne ko mutumin da ya riƙe ta zai ƙaru a biyayya ga Ubangiji, domin a wurin mai bi wannan ne amfanin karatun.

Manhajar ta fito ne daga wata ikilisiya mai suna Life.Church da ke jihar Oklahoma ta Amurka, kuma ɗaya daga cikin fastocinta, Bobby Gruenewald, shi ne ya kawo shawarar. Ta fara a matsayin shafin intanet a 2007, sai a watan Yuli na 2008, lokacin da kamfanin Apple ya buɗe rumbun manhajojinsa, ta kasance cikin guda 200 na farko da aka bayar kyauta. Zuwa watan Nuwamba na 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Har yanzu kyauta ce, ba a kuma saka talla a cikinta, gudummawar masu bayarwa ce ke ɗaukar nauyinta. Wannan rashin talla ba ƙaramin abu ba ne a ganina. Wanda ya buɗe Zabura 51 da karyayyar zuciya yana neman gafara ba ya bukatar wani hoto ya faɗo masa a tsakiyar aya yana yi masa tayin kaya, kuma na yaba wa masu aikin da suka tsare wannan mutunci na shafin karatu tsawon shekarun nan.

Babbar dukiyar manhajar ita ce nassin kansa. Tana ɗauke da fassarori a harsuna sama da 2,000, har da Hausa, wadda take da fassara fiye da ɗaya a ciki. Idan mutum ya tuna cewa sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa da Hausa, bayan aikin shekaru masu yawa, zai san darajar samunsa yau a tafin hannu cikin ɗan lokaci. Ana iya sauke fassarori da yawa su zauna a cikin waya, ta yadda rashin intanet ba zai hana karatu ba, ana kuma iya zaɓar aya guda a jera ta a fassarori daban-daban a kwatanta. Na sha cin moriyar wannan a wasiƙun Bulus, inda jimla takan yi tsawo har tunani ya ɓace wa mai karatu a tsakiya. Abin da ya shige mini duhu a wannan fassara sai ya fito sarari a waccan.

Wurin da na fi daɗewa shi ne wurin neman kalma. Wata rana da yamma na zauna na bi ayoyin Sabon Alkawari da suke magana a kan abin da yake faranta wa Allah rai, ina yi wa kowace alama da launi ɗaya, kuma abin da na tarar ya gyara mini tunani ƙwarai. A dā ina ɗaukar faranta wa Allah rai kamar wani babban matsayi ne da sai ƙalilan suke kaiwa, bayan dogon azumi da kwana addu'a. Amma ayoyin sun yi ta sauko da ni ƙasa. Romawa 12:1 ta ɗaura shi a kan miƙa jikinmu hadaya mai rai, wato abin da hannu da ido da harshe suke yi kullum. Romawa 14:18 ta ɗaura shi a kan bauta wa Almasihu cikin adalci da salama da farin ciki, a tsakiyar magana a kan kada a sa ɗan'uwa tuntuɓe. A Filibiyawa 4:18, gudummawar da ikilisiya ta aika wa Bulus ta hannun Abafaroditas ita ce aka kira hadaya mai daɗin ƙanshi wadda Allah yake karɓa. Kolosiyawa 3:20 ta ce biyayyar 'ya'ya ga iyayensu tana faranta wa Ubangiji rai, Ibraniyawa 13:16 kuwa ta ambaci yin alheri da taimakon juna da abin da muke da shi. A ƙarƙashinsu duka ga Ibraniyawa 11:6, wadda ta ce in ba tare da bangaskiya ba, ba shi yiwuwa a faranta masa rai, kuma ta faɗi haka ne nan da nan bayan ambaton Anuhu, mutumin da littafin Farawa bai ba da labarin wani babban aikinsa ba sai dai cewa ya yi tafiya tare da Allah. Da a ce da takarda kaɗai nake aiki, da wannan bincike ya ɗauke ni kwanaki. Manhajar ta tattaro mini shi cikin awa biyu, kuma har yau ina komawa ga waɗannan alamomi.

Sashen da jama'a suka fi sani shi ne na tsare-tsaren karatu. Littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki suna da surori 1,189, 929 a Tsohon Alkawari da 260 a Sabo, saboda haka wanda yake karanta uku zuwa huɗu a rana zai kammala cikin shekara. Manhajar tana raba maka karatun, tana tuna maka a lokacin da ka zaɓa, in kuma ka yi kwanaki ba ka karanta ba, akwai hanyar da za ta matso da kwanakin ka ci gaba daga inda ka tsaya. Wannan na ƙarshe ya cece ni a Littafin Firistoci, inda masu niyyar karatun shekara da yawa suke sarewa, domin ganin tulin surorin da suka taru a baya shi ne yake karya gwiwa fiye da wuyar surorin kansu.

Tsarin da na bi shi ne wanda wani fasto ɗan ƙasar Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa ikilisiyarsa a 1842, 'yan watanni kafin rasuwarsa yana da shekara 29. Yana kai mutum wurare huɗu na nassi a kowace rana, ya ratsa Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura kuwa sau biyu a shekara. Abin da ya burge ni da mutumin nan shi ne, kafin ya lissafa amfanin tsarinsa sai da ya fara gargaɗin jama'arsa a kan haɗarinsa: karatu ya koma al'ada marar rai, mai karatu ya fara ganin kansa adali saboda ya cika ƙa'ida, a riƙa karatu da gaggawa ba da lura ba, ko kuma tsarin ya zama karkiya mai nauyi. Ya faɗi wannan ne a kan jadawalin takarda, amma na ga gaskiyarsa a wayata, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Kafin nan, bari in faɗi ranar da manhajar ta yi mini aikin da nake nema a wurinta. Akwai wani ɗan'uwa da muke hidima tare, wanda wata magana ta shiga tsakaninmu, har muka yi wata uku gaisuwa kawai take haɗa mu, ita ma a takaice. Ni ne na faɗi kalmar da ta yi zafi, na kuwa san haka, amma kullum ina gaya wa kaina cewa shi ya fara. Wata asuba karatun ranar ya kai ni Matiyu 5, inda Yesu ya ce in kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Saura surori biyu a karatun ranar, yatsana kuma ya riga ya nufi alamar wucewa gaba. Na tsaya ina kallon ayoyin nan biyu har fuskar wayar ta dushe ta mutu. Da na sake kunna ta, sai na fita daga manhajar na nemo lambarsa. Ya ɗauka da muryar wanda bai gama farkawa ba, na ce, "Ɗan'uwa, ka gafarce ni, maganar da na faɗa maka ranar nan ba daidai ba ce." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Allah ya gafarta mana duka, ni ma abin yana damuna." Ranar ban ƙarasa karatun ba sai da dare. Da zaɓina nake bi, da ban buɗe Matiyu 5 a wannan mako ba, domin mutum ya san surorin da yake gudu. Tsarin karatu ne ya kai ni inda ba na so, kuma wannan shi ne babban amfaninsa.

Manhajar tana ƙidaya kwanakin da mutum ya buɗe ta a jere. Ga sabon mai bi, ko wanda yake ƙoƙarin kafa ɗabi'ar karatu bayan dogon sakaci, wannan ƙidaya taimako ce ta gaske, domin ganin kwana bakwai sun zama talatin yana ƙara ƙarfin gwiwa. Amma a nan ne gargaɗin M'Cheyne ya same ni. Lokacin da ƙidayata ta haura kwana 200, wani dare na dawo a gajiye, har na kwanta sai na tuna ban buɗe manhajar ba, saura minti goma kafin ƙarfe sha biyun dare ta buga. Na tashi zumbur, na buɗe, na ga lambar ta ƙaru, na rufe, ban karanta ko kalma ɗaya ba. Sai da na mayar da kaina kan matashi na gane abin da na yi: na ji tsoron rasa lamba fiye da yadda na ji tsoron wuni guda ba tare da na saurari Ubangijina ba. Laifin ba na manhajar ba ne, ita kwanaki kawai take ƙirgawa, ba ta taɓa cewa tana auna zuciya ba. Zuciyata ce ta ɗauki ma'aunin kwanaki ta mai da shi ma'aunin adalci, kamar Bafarisiyen nan na Luka 18 da ya tsaya a Haikali yana lissafa azuminsa biyu a mako da zakarsa, ya koma gida ba a karɓe shi ba. Afisawa 2:8-10 ta jera abin daidai: ceto ta wurin alheri yake, ba ta ayyuka ba, kyawawan ayyuka kuwa suna biyo baya a matsayin abin da aka halicce mu dominsa. Wanda Allah ya riga ya karɓa cikin Almasihu yana karatu ne domin ya san nufin Ubansa, kuma ranar da ya kuskure ba ta rage masa matsayin ɗa. Daga wannan dare na daina duban lambar, na kuma daina gaya wa kowa inda ta kai.

Ayar rana ita ce abu na farko da mutum yake gani idan ya buɗe, kuma ana iya ɗora ta a kan hoto mai kyau a tura wa abokai. Ina da ƙauna gare ta, domin sau da yawa ita ce kalmar farko mai tsabta da take shiga idona kafin labaran duniya. Sai dai ya kamata mai karatu ya tuna cewa marubutan nassi ba su rubuta shi aya-aya ba. Rabon surorin da muke bi a yau ana danganta shi ga Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya saka su a bugunsa na 1551. An yi su ne domin sauƙin nema, amma aya guda da aka ɗauke daga mazauninta takan faɗi abin da marubucin bai nufa ba. Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shiri na alheri domin mutanensa, tana cikin wasiƙar da aka aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da take gabanta ta gaya musu cewa sai shekara 70 sun cika; alkawari ne ga mutanen da aka umarta su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da suke bauta a cikinsa, su yi haƙuri. Filibiyawa 4:13, wadda ake yawan ɗauka a matsayin tabbacin cin nasara a kowane buri, ɗaurarre ne ya rubuta ta, yana bayyana yadda ya koyi wadar zuci a ƙoshi da yunwa, a yalwa da rashi. Wanda ya tsaya a kan ayar kaɗai zai iya fita da tunanin cewa Allah ne zai faranta masa rai, alhali surar tana koya masa yadda shi zai faranta wa Allah rai a cikin wahala. Abin yabo shi ne manhajar ba ta rufe ƙofa ba, taɓawa ɗaya take kai ka ga cikakkiyar surar, kuma shawarata ita ce kada a tura wa kowa aya sai an karanta abin da yake gabanta da bayanta.

Karatun murya ya fi ƙarfin yadda na zata. Ba kowace fassara ce take da shi ba, amma inda yake akwai, yana mayar da nassi ga yadda masu bi na farko suka karɓe shi, domin Bulus ya umarta a karanta wasiƙunsa a gaban jama'a (Kolosiyawa 4:16), Wahayin Yahaya 1:3 kuma ta sa albarka ga mai karantawa da masu saurare. Na taɓa sauraron wasiƙar Yakubu gaba ɗaya a zama ɗaya, abin da bai kai rabin awa ba, sai na ji yadda maganar harshe da ta fifita masu arziki da ta bangaskiya marar ayyuka suke ɗaure da juna kamar igiya guda. Ga tsofaffin da idonsu ya yi rauni, da wanda bai iya karatu ba, da marar lafiya a kwance, wannan sashe kaɗai ya isa dalilin sauke manhajar.

Akwai wurin rubuta tunani a ƙarƙashin aya, da wurin ajiye jerin abubuwan addu'a, da kuma wata manhaja dabam ta yara da aka fitar a 2013 tare da ƙungiyar OneHope. Duk suna aiki yadda ya kamata. Gajerun tsare-tsaren ibada kuwa, na kwana uku ko bakwai a kan damuwa ko aure ko gafara, marubuta da ikilisiyoyi masu yawa ne suka rubuta su, saboda haka zurfinsu da koyarwarsu ba ɗaya ba ne. A nan halin mutanen Biriya ya dace, waɗanda Ayyukan Manzanni 17:11 ta yaba musu domin suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake. Ni dai na fi son tsarin da nassi ya fi yawa a cikinsa, bayanin mutum ya zama kaɗan.

Abu biyu ne babu wata manhaja da za ta iya yi, kuma adalci ne a faɗe su domin kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Na farko, ba za ta iya raba kanta da wayar da take zaune a ciki ba. Saƙonni suna shigowa, labarai suna kira, kuma bimbini a kan Maganar Allah yana bukatar natsuwar da waya ba ta saba bayarwa ba. Maganin da na samu shi ne in sauke fassarar da nake so, in kashe data kafin in fara, kada in kunna sai na gama addu'a. Na biyu, ko da yake tana ba da damar ƙulla abota da yin karatu tare da wasu, har ku riƙa ganin tunanin juna, wannan ba zai maye gurbin taruwar ikilisiya ba. Ibraniyawa 10:24-25 ta ce mu kula da juna, mu zuga juna ga ƙauna da kyawawan ayyuka, kada mu bar taruwa. Baftisma da Jibin Ubangiji ba a yin su ta fuskar waya, haka ma tsawatawar dattijon da ya san halinka, da haƙuri da ɗan'uwan da yake ba ka haushi, wanda a wurinsa ne ake gane ko karatun ya shiga.

Ina ba da shawararta ba tare da jinkiri ba ga sabon mai bi, ga matafiyi, ga wanda ba shi da Littafi Mai Tsarki na takarda a harshensa, da kuma wanda ya sha yin niyyar karanta dukan nassi yana tsayawa a hanya. Wanda ya riga ya saba da littafinsa na takarda, har ya san a wane gefen shafi kowace aya take, ba sai ya bar shi ba. Ya riƙe manhajar domin neman kalma, da kwatanta fassarori, da saurare. Haka nake yi yanzu. A makon nan karatuna yana cikin Ibraniyawa 13, kuma a ƙarƙashin aya ta 16 na rubuta sunan wata gwauruwa a ikilisiyarmu wadda ta yi wata biyu tana jinya, tare da ranar da zan je in gaishe ta da abin da zan kai mata.